Ina za mu kai baƙo kallon bikin Shinto a Japan?

Maman Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Yayana zai zo daga Damagaram ƙarshen Disamba, yana son ganin bikin sabuwar shekara a wurin bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan. Ina za mu kai shi?

Ɗan Saitama: Wa alaikumus salam. Hajiya, don Allah kada ki fita da shi daren 31. Bara abokan aiki suka ja ni hatsumode, ziyarar farkon shekara a wurin bauta, a wani babban wuri a Tokyo. Tun kafin sha biyun dare 'yan sanda suka tare mu da igiya, rukuni-rukuni ake saki, ka yi taku goma ka tsaya. Sanyi har ƙashi, yatsun ƙafata na daina jin su. Da muka kusa, na baya ba su jira ba, daga nesa suke jefa kuɗin sadaka, wani tsaba ya sauka a wuyan rigata. Ga yunwa, rumfar da na leƙa kuma soyayyar taliya yakisoba ce da naman alade. Na koma gida da asuba ban ga komai ba sai ƙeyar mutane.

Injiniya: Wurin bautar Meiji Jingu na Tokyo kaɗai kusan mutum miliyan 3 ke zuwa a kwana ukun farko. Ku bari sai bayan 4 ga Janairu, da sassafe. Dajin ma abin kallo ne, dasa shi aka yi da hannu lokacin da aka gina wurin a 1920.

Baba Yokohama: Ku kai shi unguwar Asakusa a Tokyo kawai.

Injiniya: Baba, Sensoji, babban wurin bautar da ke Asakusa, na 'yan Buda ne. Na Shinto shi ne ƙaramin da ke gefensa.

Baba Yokohama: Yaro, kana cikin zanen goyo na fara loda kwantena a ƙasar nan.

Malam Tsukuba: Kallo daban, shiga ciki daban. Sunkuyo biyu, tafi biyu, sunkuyo ɗaya da suke yi a gaban ɗakin, ibada ce. Haka takardar duba ta omikuji da layun omamori. Ku tsaya gefe, ba wanda zai tilasta muku. Kuma kada ku bi tsakiyar hanya, sun bar wa abin bautarsu ita.

Ɗan Saitama: To wanke hannu da kurkure baki a bakin ƙofa fa, Malam? Ai rabin alwala ce 😂

Malam Tsukuba: Kai dai Allah Ya shirye ka.

Anti Kyoto: Maman Khalifa, in da kuɗin shinkansen, jirgin ƙasa mai sauri, ku zo Fushimi Inari a nan Kyoto. Kyauta ne, ba a rufewa, jajayen ƙofofin torii dubbai har kan dutse. Da ma a ce Fabrairu zai zo, ya ga Setsubun, ana watsa wake a kori aljanu.

Maman Khalifa: Abin shan nan amazake da ake sayarwa a wurin fa, ya halatta?

Anti Kyoto: Iri biyu ne. Na shinkafa da koji (abin da ke tsima ta) ba giya, na dusar giyar sake akwai ɗan kaɗan. Ki tambaya tukuna.

Baba Yokohama: Ni duk abin da ke da "sake" a sunansa ba na sha.

Injiniya: In Juma'a ce, daga tashar Meiji-jingumae da ke kusa da Meiji Jingu tasha biyu ce a layin jirgin Chiyoda zuwa Yoyogi-Uehara, ku samu salla a masallacin Tokyo Camii.

Ɗan Saitama: Hajiya, yayan naki akwai sauran wuri a jakarsa? Kilishi nake so.