Shin zubin haruffa mai basira ya isa ya raba ajami da matsala a kwamfuta?

Injiniya: Ni dai ra'ayina, matsalar ajami ta zubin haruffa (font) ce kawai. Zubi mai basira, na fasahar OpenType ko ta Graphite, yana ɗauke da dokoki a cikinsa: a OpenType, jadawalin GSUB ya zaɓi siffar harafi a farko, tsakiya ko ƙarshe, GPOS kuma ya ɗora wasali daidai inda ya kamata. Ku dubi tsohon rubutun Girkanci. Harafin ᾄ alfa ne da alamomi 3. Biyun da ke sama gefe da gefe suke zama, amma zubi marar dokoki sai ya cakuɗa su wuri ɗaya. Abin da ya gyara wannan zai gyara namu. A saka zubin Alkalami ko Harmattan na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, magana ta ƙare.

Mai ɗab'i: Injiniya, ba ta ƙare ba. Girkawa sun samu gata, Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ta ware musu haruffa haɗaɗɗu tun daga U+1F00 har U+1FFF, kuma tun 1982 Girka ta rage alamomin a rubutun yau da kullum. Mu namu ciwon na lamba ne. A rubutun Warash fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. In ka buga fa ta Larabci, U+0641, zubi ya saukar maka da ɗigon ƙasa, ido ya gamsu. Kwafe shi zuwa WhatsApp: ɗigon ya koma sama, mai karatu a Sakkwato ya ga ƙaf. "Fari" ya zama "ƙari".

Malamar Hausa: Wannan ita ce gaskiyar magana. Shi ya sa a 2016 aka ƙara wa Unicode U+08BB, U+08BC da U+08BD, wato fa, ƙaf da nun irin namu, masu zubar da ɗigo a ƙarshen kalma. Yamala kuma, ɗigon ƙasan harafi mai ba da wasalin e, U+065C ce, ba kisira ba. Wanda zai buga waƙoƙin Nana Asma'u ya sa kisira a gurbin yamala, ya ɓata kalma, kuma mai bincike ba zai same ta ba.

Injiniya: Hajiya, na yarda da batun lamba. Amma lambar kirki a wayar da ba ta da harafin, ɗan akwati kawai za ta nuna. Kin ga an dawo kan zubi ke nan.

Alaramma: Ku bari in sa baki. Ko harafin ya fito, akwai shadda da kisira. Bugun gabas yana ɗaga kisira ta zauna ƙarƙashin shadda a saman harafi. Mu a allo ƙasan harafi muka san ta. Almajiri ya gan ta a sama, fataha zai karanta. Wannan kam aikin zubi ne, Injiniya na da gaskiya a nan.

Mai ɗab'i: Allah ya gafarta Malam, haka ne, sai dai manhaja ma tana da ta cewa. Dokokin Graphite suna aiki a LibreOffice da Firefox, amma Word da Chrome ba sa karanta su. Don haka ga tsarin: allon bugawa mai fitar da lambobin Warash, zubi mai dokokin OpenType, a gwada kalma mai shadda da yamala a manhajoji 2 ko 3, sannan a fitar da PDF da zubin a cikinsa kafin a kai maɗaba'a.

Malamar Hausa: A kuma ajiye asalin rubutun daban, domin kwafo ajami daga PDF yakan hargitsa jerin haruffa.