Kuɗin masarar gandu a asusuna suke, haraji zai ci su?

Assalamu alaikum jama'a. Mahaifinmu ya rasu bara waccan, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gandu a wajen Saminaka. Ba mu raba ba, mu bakwai muke nomawa tare, ni ne babba. Da kaka in an sayar da masara da waken suya, asusuna dillali yake turo kuɗi, daga nan nake biyan bashin taki, in ba Inna nata, in sallami ƙanne. Tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026 hankalina bai kwanta ba. A majalisarmu ta hira ana ta cewa duk abin da ya shiga banki sai an yanka, har gado. Jiya Inna ta jawo akwatin ƙarfen Baba daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe ƙura, ta ce in ciro kuɗin mu zuba a ciki. Ga halin ɓarayi da ake ciki. Don Allah yaya zan yi?

Wani akanta daga Zariya: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Kada ka ciro. A kan riba ake biyan haraji, ba a kan kuɗin da suka ratsa asusu ba. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, abin da ya ɗora daga nan zuwa miliyan 3 shi ake cire wa kashi 15 cikin ɗari. Sai an fitar da kuɗin taki, iri, maganin feshi, hayar tarakta da ƙwadago tukuna a san riba. Matsalarka ɗaya ce: dukiyar mutum bakwai tana shiga da sunanka kai kaɗai. Ka sayi littafi, ka rubuta kowane buhu da kason kowa, kowa ya sa hannu, kuma ta banki za ka riƙa tura musu nasu.

Wani malami: Batun gado an yi ta ce-ce-ku-ce a kansa lokacin da ƙudirin ke gaban Majalisar Tarayya, amma dokar da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ba ta ɗora harajin gado ba. Ka kwantar wa Inna da hankali. Ni dai zan ƙara da cewa a fayyace rabon kowa a gaban shaidu ko da za ku ci gaba da noma tare, musamman na mata. Zakkar hatsi kuma tana nan, ranar girbi.

Mai fatauci zuwa Dawanau: Ni abin da ke cin mu a hanya yake, Malam. Shinge bayan shinge, kowa da rasit ɗinsa, ka shiga kasuwa a sake karɓa. Duk wannan a farashin manomi dillali yake fanshewa. Waɗannan rasit ɗin ma ka adana su.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe kasuwa, zan sayo littafin. Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan tara ƙannena a gaban Kawu.