Wuni ɗaya a Akra, ina da ina zan taka?

Ɗan Wadata: Salamu alaikum jama'ar zaure. Sati mai zuwa zan sauka Akra, kuma ina da wuni ɗaya rak kafin kayana su fito daga tashar jiragen ruwa ta Tema. Ba na son in kashe shi a ɗaki ina latsar salula. Wanda ya san wuraren tarihin garin ya agaza mini.

Baba na Katako: Wa alaikumus salam. Mu Ankara muka tashi muna ce mata. Yi sammako, yaro, ka fara da kabarin Kwame Nkrumah tun rana ba ta buɗe ido ba.

Malamin tarihi: Gaskiyar Baba. A filin nan Turawa ke wasan ƙwallon dawaki a da, kuma nan Nkrumah ya tsaya ya shelanta ƴancin Gana, 6 ga Maris 1957. A Romaniya ya rasu cikin 1972, aka fara binne shi a garinsu Nkroful, sai 1992 aka maido shi nan. Matarsa Fathia, ƴar Masar, tana kwance kusa da shi.

Hajiya ta Yantala: Ni ba kabarin ya tsayar da ni ba, Malam. Akwai wani mutum-mutuminsa da aka fille wa kai lokacin juyin mulkin 1966. Gangar jikin na tsaye, kan kuma ga shi can gefe an ɗora shi daban, ba su maida ba. Na daɗe ina kallo. Wallahi sai Diori, shugabanmu na Nijar, ya faɗo mini a rai, da safiyar da muka tashi a 1974 aka ce babu shi bisa mulki. Ɗana, in ka je kar ka ɗauki hoto ka wuce, ka ɗan tsaya.

Ƙanen Alhaji: Ai in bai je kurkukun bayi na Cape Coast ba bai ga komai ba!

Baba na Katako: A wuni ɗaya? Kai dai ka cika baki. Tafiya da dawowa kaɗai sun cinye wunin. Ni ma haka wani mai tasi ya zuga ni, na biya shata, muka maƙale a cunkoson fita gari, muka isa ina hamma.

Malamin tarihi: Daga kabarin ka taka da ƙafa zuwa dandalin Black Star, bakin teku. A kusa da nan ƴan sandan mulkin mallaka suka harbe tsofaffin sojoji uku, 28 ga Fabrairu 1948, suna kan hanyar kai kuka fadar gwamna a Osu kan haƙƙinsu na yaƙin duniya. Tarzomar da ta biyo baya ce ta ingiza maganar ƴanci. In da sauran ƙarfi, leƙa Jamestown, can ne James Fort inda aka tsare Nkrumah a 1950.

Hajiya ta Yantala: Ka riƙe ruwa, dandalin nan ba inuwa. Da azahar ka hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa unguwar Nima, Hausa za ka yi ta yi kamar kana Wadata. Ka ce a zuba maka waakye, shinkafa da wakenmu ce suka canza wa suna.

Ɗan Wadata: Na gode, iyayena. Ranar ma Juma'a ce.

Baba na Katako: To sai babban masallacin Kanda, wanda Turkawa suka gina, yana dab da Nima. Ka je da wuri in kana son sahun ciki.

Hajiya ta Yantala: Kuma ka taho mini da kwalbar shito, soyayyen yajin nan nasu, mai yajin sosai. Kuɗinka na wurin Alhaji.