Daga Agege zuwa Sabon Ibadan a keke: giya zan canza ko ƙafar baya?

Telan Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota keke. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita don mai ba ni amsa ya san irin keken da ake magana a kai.

Ni tela ne, gida a Agege, shago a wajen Ikeja, kuma keke ne abin hawana tun da kuɗin mota ya fi ƙarfin aljihu. Keken tokumbo ne mai bodin ƙarfe, ƙafa 26, faranti uku a gaba, giya bakwai a baya, birkin roba mai matse rim. Na sa masa kariya ta ɗaukar kaya a baya, a kanta nake ɗaure yadi da ɗinkin mutane. Niyyata in taka shi har Sabon Ibadan wajen yayana a watan Disamba, in Allah ya kai mu. In wannan ta yiwu, raina yana kan Ilori.

Ga abin da ke damuna. Sifok ɗin ƙafar baya, wato wayoyin da ke riƙe rim, suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, in an sa sabo ba a jimawa wani ya tafi, kuma kullum ta gefen sarƙa. Sannan in na miƙe ina danna feda a hawan gadar Pen Cinema, sarƙar tana zamewa, ƙafata ta tafi a banza. In na daɗe a kai kuma, tafin hannuna yana mutuwa, gaban gwiwata yana ciwo.

Wani mai sayar da kayan tokumbo ya nuna mini giyar Shimano Deore mai hawa goma, ya ce in na ɗaura ta keken zai zama sabo. Gaskiya ta shiga raina, don na gwada ta a keken wani, canjinta laushi kamar an shafa mai. To amma kuɗin da na tara ba zai ɗauki giyar da gyaran ƙafa tare ba. Wanne ya fi cancanta? Kuma wace hanya zan bi, babban titin Legas zuwa Ibadan ko ta Abekuta?

Bakaniken Idi-Araba ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Tela. Gyaran keke ne abincina, kuma zan faɗa maka kai tsaye: bar wannan giyar a wajen mai ita. Deore kaya ne mai kyau, ba na kushe ta, amma ba ita ce ciwon kekenka ba, kuma da wuya ma ta hau.

Dalili kuwa, yawancin kekunan tokumbo masu giya bakwai firiwil ne a bayansu, wato irin wanda ake murɗawa a jikin hob (cibiyar ƙafa) kamar noti. Mai hawa goma kuwa kaset ne, zura shi ake yi a kan wani hob daban mai tsaga-tsaga. Ke nan in ka saye ta sai ka sayi sabon hob, a sake ɗaure ƙafar, ka sayi sarƙa ta musamman don ta giya goma ta fi siriri, ka canza maɓallin canjin da ke kan keke. Bayan duk wannan, ranar da sarƙar ta tsinke maka a Itori ko Odeda, ba lallai ka sami irinta a wajen mai gyaran bakin hanya ba. Sarƙar giya shida, bakwai da takwas kuwa duk faɗinsu kusan ɗaya ne, suna hawa wa juna, kuma ita ce aka fi samu ko'ina. Mai tafiya mai nisa yana zaɓen kayan da zai samu a ƙauye ne.

Zamewar da kake ji a kan gada, sarƙa ce ta ci ta buɗe, ta cinye haƙoran firiwil. Kai tela ne, tef yana wuyanka, ka auna da kanka. Daga tsakiyar fil ɗaya na sarƙa zuwa na gaba rabin inci ne, saboda haka a sabuwar sarƙa, in ka ɗora farkon tef a kan fil, inci 12 zai faɗa daidai kan wani fil. In ya wuce da 1/16 na inci, sarƙar ta gama aiki. In ya kai 1/8, to har firiwil ɗin ya tafi, kuma in ka sa sabuwar sarƙa a kan tsohon firiwil zamewar ƙaruwa za ta yi. Ka canza su tare. Tunda za ka ɗauki kaya kuma Abekuta da Ibadan garuruwan tudu ne, nemi firiwil mai 14 zuwa 34 a maimakon mai 14 zuwa 28 da aka saba gani. Wannan babban farantin mai haƙora 34 shi zai hau da kai tudu kana zaune, sai dai a tabbata ƙarfen da ke tura sarƙa daga giya zuwa giya a baya mai dogon hannu ne da zai ɗauke shi.

Yanzu ƙafar baya, inda nake so kuɗinka ya tafi. In sifok ya fara tsinkewa a jere, sauran ma sun gaji ne, suna jiran layi. Gefen sarƙa ya fi ɗaurewa da ƙarfi saboda an matsar da hob don a bar wa firiwil wuri, kuma in ɗaya ya tafi, nauyinsa ya koma kan maƙwabtansa. Ga damshin Legas da iskar teku suna cin ƙarfe. Faci ɗaya-ɗaya ɓarnar kuɗi ce. A kwance ƙafar gaba ɗaya, a sami rim mai bango biyu mai rami 36, a ɗaure da sifok marasa tsatsa. In kana shakka a wajen saye, riƙe maganaɗisu: yana manne wa na baƙin ƙarfe sosai, marar tsatsa kuwa da ƙyar yake jansa. Kuma ka zauna a gaban mai ɗaurin, ka ga yana matsa sifok ɗin da hannu bibbiyu yana sake daidaitawa, ba wai ƙafar ta daina rawa kawai ya miƙo maka ba. Tun da an buɗe, a duba aksul, wato sandar da ƙafar ke juyawa a kanta, don a hob ɗin firiwil yana yawan lanƙwashewa ta gefen sarƙa in ana lodi. A sa sabon boris da giris.

Taya kuma, cire masu manyan ƙuraje ɗin nan na daji, a kwalta ƙarfinka kawai suke sha. Nemi mai sumul-sumul, faɗin 1.75, za ka ga an rubuta 47-559 a gefe. Lambar 559 ɗin ita za ka riƙe, ita ce girman rim ɗinka. Tub kuma ka ɗauki mai bawul irin na mota, don kowane mai faci a bakin titi zai iya ba ka iska.

Tsohon Direba, Mile 12 ya amsa:

Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka yi tambaya kafin ka tashi. Ni ban san kayan keke ba, amma na ja tirela a hanyoyin nan har gemuna ya yi fari, don haka ka ji ta bakin wanda yake zaune a sama yana kallon mai keke a ƙasa.

Babban titin ya fi gajarta, kilomita 127 ne daga tsohon tolget na Legas zuwa na Ibadan. Amma ban yarda ka hau shi ba. Kana wuce Berger da Kara za ka shiga doguwar gada, babu inda za ka kauce, motoci kuma a guje suke. A Ogere tireloli ne jere a gefen hanya, su tilasta maka shiga tsakiyar titi. Kuma wallahi in kana dab da gefen dama na tirela, direba ba ya ganinka a madubi. Iskar da babbar mota ke ja in ta wuce ka kaɗai ta isa ta jefa ka ƙarƙashin ta bayanta.

Bi ta Abekuta, ai daga Agege hanyar a ƙofar gidanka take: Abule Egba, Sango Ota, Ifo, Papalanto, Ewekoro, Itori, ka shiga gari. Kilomita 70 da ɗoriya ne. Ba na ce lafiya lau take ba, wajen Ewekoro akwai motocin siminti da ƙura, ka ba su hanya. Amma ƙauyuka a jere suke, ruwa da abinci da mai faci ba sa yankewa. Ka kwana a Abekuta, akwai 'yan'uwanmu a Sabo da Lafenwa, ka yi sallama a masallaci ba za ka rasa wurin shimfiɗa ba. Washegari ka kama ta Osiele, Odeda, Omi Adio, ka shiga Ibadan ta Apata. Ita ma tafiyar kwatankwacin ta jiya ce, sai dai ta fi hawa da gangara.

Ka yi Asuba ka jira gari ya ɗan waye sannan ka tashi, a lokacin cunkoson duk masu shigowa Legas ne, kai kana fita. Kada magariba ta same ka a hanya ko da wasa. Ka sa riga mai haske, ka ɗaura jar fitila a baya ko da rana ne.

Ɗan Obalende ya amsa:

Baba Direba ya gama magana a kan hanya, ban da abin ƙarawa. Da Oga Bakanike kuwa akwai inda muka rabu kaɗan. Tunda za a kwance ƙafar nan gaba ɗaya, ni da zan ce a sa hob ɗin kaset yanzu a huta. Boris ɗinsa ya fi matsowa bakin aksul, shi ya sa ba ya lanƙwashewa kamar na firiwil, kuma kaset mai hawa bakwai yana zama a kansa in an sa zoben cika na milimita 4.5. Ka ga maɓallinka da sarƙarka ba su canza ba, kuma ranar da kuɗi ya zo ka so giya takwas ko tara, ƙafar tana nan.

Amma abin da ya sa na shigo shi ne gwiwa da hannu, don ni ma na sha wannan a hanyar Epe. Ciwon gaban gwiwa yawanci sirdi ne ya yi ƙasa. Mu da muka koyi keke a Arewa mun saba sai ƙafa biyu sun taɓa ƙasa muna zaune, wannan tsayin na zuwa kasuwa ne. Ka jingina da bango, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ka ɗaga sirdi har ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, daidai ke nan. Ɗaga shi kaɗan-kaɗan cikin makonni, kuma ka duba layin da aka zana a jikin sandar sirdin, kada ya fito waje. Sannan ka daina danna giya mai nauyi, ka sauko mai sauƙi ƙafa ta riƙa juyawa da sauri.

Hannu kuma, duba ko hancin sirdinka ya sunkuya gaba, don in ya sunkuya nauyinka duk kan tafin hannu yake zubewa. Daidaita shi ya kwanta sosai. Ka sa ƙahonnin nan biyu a ƙarshen kan keken don ka riƙa sauya riƙo, ka sami safar hannu mai ɗan soso.

Kada ka tashi Ibadan kai tsaye daga zirga-zirgar Ikeja. Ranakun Lahadi ka riƙa zuwa Sango ka dawo, daga baya Ifo, da irin kayan da za ka ɗauka. Da lodi, in kana yin kilomita 15 a awa, Abekuta awa biyar ce ban da hutu, ka ga za ka isa kafin rana ta yi tsanani sosai. A Disamba iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, rana ta biyu za ka iya samunta a fuska, kada ka yi mamaki in gudunka ya ragu. Gora biyu na ruwa, ka riƙa kurɓa tun ƙishi bai zo ba, ɗaya ka zuba garin ORS a ciki. Dabino, ayaba da ƙuli-ƙuli a aljihu. Kaya duk a kariya, kada ka goya jaka. Hular kwano dole.

Telan Agege ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ji, ta Abekuta zan bi in sha Allahu. Na ɗora tef a kan sarƙar kamar yadda Oga ya ce, ta kai 1/8 cif, don haka ita da firiwil duka za su tafi, Deore kuma na haƙura da ita. Sirdin ma na ɗaga, yau na je shago na dawo gwiwar ta yi sauƙi. Saura maganar hob: na kaset ko na firiwil? Kuma wane kayan aiki zan riƙe a hanya?

Bakaniken Idi-Araba ya amsa:

Maganar Ɗan Obalende gaskiya ce, hob ɗin kaset ya fi ƙarfi. In ka sami na Shimano na tokumbo mai rami 36, ka juya aksul ɗinsa da yatsa ka ji ba ya gurzawa, ɗauka. Amma kafin nan auna tsakanin ƙafafun bodin na baya inda aksul ke shiga: in milimita 135 ne ka nemi hob mai 135, in 130 ne mai 130. In ba ka sami mai kyau ba, kada ka sayi sabo na jabu don sunan kaset, tsaya a firiwil da sabon aksul, zai kai ka Ibadan.

A jaka ka riƙe tub biyu, faci da gam, ƙarfen cire taya, famfo, alanki mai lamba 4, 5 da 6, sifana 15 in ƙafarka ta noti ce, abin yanke sarƙa da mahaɗinta guda, da wayar birki ɗaya. Ka ce wa mai ɗaurin ƙafar ya ba ka sifok huɗu na gefen sarƙa, don tsawonsu ya ɗan bambanta da na ɗaya gefen, ka naɗe su da salatif a jikin bodi. Ka haɗa da ɗan ƙarfen kwance firiwil ko kaset, wanda ya dace da naka, domin sai an cire shi ake iya zura sifok ta wannan gefen, kuma ba kowane mai gyara ke da shi ba. Bayan an ɗaure ƙafar ka hau ta mako biyu da kaya, ka mayar a sake ɗaure ta kafin ranar tafiya.