Wuta ta tafi da aikina, yaya zan riƙa adana abin da nake kwasowa daga PubMed?

Ɗaliba daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu, bincikena a kan zazzaɓin cizon sauro ne ga masu juna biyu. Na rubuta ɗan shirin kwamfuta da yaren Python yana kwaso min taken maƙaloli da taƙaitaccen bayaninsu daga PubMed, rumbun maƙalolin binciken lafiya da ke intanet. Daren jiya yana dab da gamawa aka ɗauke wuta, batirin kwamfutata kuwa ba ya riƙe caji. Da safe na buɗe fayil ɗin, wayam. Wallahi sai da na zubar da hawaye, ga data ta ƙare. Don Allah ku taimaka min.

Wani malami daga Kawo:
Wa alaikumus salam, ƙanwata, sannu. Da alama kin bari ne sai ya gama kaf sannan ya rubuta. Fara da esearch, hanyar da shiri ke yin nema a PubMed, ki karɓo lambobin PMID (lambar kowace maƙala a PubMed) kaɗai, ki ajiye su daban. Sai ki riƙa ɗauko bayanan maƙalolin ɗari biyu-biyu da efetch, hanyar ɗauko su da lambobin nan, kowane kashi ya shigo ki zuba shi a fayil nan take. In wuta ta sake tafiya, shirin ya duba lambobin maƙalolin da ya riga ya zuba a fayil, ya ɗora daga inda ya tsaya. Kuma ki bi a hankali: NCBI, masu kula da PubMed, sun yarda da buƙata 3 ne a daƙiƙa, sai da mabuɗin API (lambar shaida da suke ba ki don shirinki) suke ƙara ta zuwa 10. Mabuɗin kyauta ne.

Wata 'yar uwa daga Malali:
Abin da Malam ya faɗa shi ne. Nawa ƙarin, ki rubuta ainihin kalmomin da kika yi nema da su, da ranar, da adadin da ya fito. PubMed kullum ƙaruwa yake, ranar kare kundi za a tambaye ki, kuma ba za ki tuna ba. Ki ajiye XML ɗin, wato cikakken bayanin da efetch ya kawo, yadda ya zo ma, kar wata rana ki buƙaci sunan mujalla ki sake ƙona data.

Ɗaliba daga Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri. To Google Scholar fa, Malam?

Wani malami daga Kawo:
Ba shi da ƙofar API, wato hanyar da shiri zai kwaso bayanai kai tsaye, ki bar shi. Ki gwada OpenAlex ko Crossref, su ma rumbunan bayanan maƙaloli ne, ki tace maimaici da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala. Turo min shirin naki bayan la'asar in duba.