Fela ya tsaya wa talaka, amma ya tsaya wa makaɗansa?

Baffa Ado: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da na yi jiya aka yi mini caa, ga ta nan a rubuce don kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ni ban yarda a riƙa kiran mawaƙin nan na Legas, Fela Anikulapo-Kuti, gwarzon talaka ba, sai an haɗa da yadda ya yi da mutanen da ke bayansa a kan dandamali. Tony Allen ya fara kaɗa masa ganga tun 1964, sai 1979 suka rabu. Fela ne ke tsara wa kowane makaɗi abin da zai kaɗa ko ya busa, ban da Allen, wanda ke ƙirƙiro nasa kiɗan da kansa. Amma in an zo rubuta mai waƙa a jikin faifai, sunan mutum ɗaya ake sakawa, kuma kason ciniki can yake tafiya. Bayan wasan Berlin na 1978 yawancin 'yan ƙungiyar kiɗansa, Africa 70, suka watse a kan kuɗi. Mai zagin gwamnati kan cin gumin talaka bai kamata a kama shi da gumin makaɗansa ba.

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam Baffa. Allah ya ƙara girma, amma ka fara labarin daga tsakiya. Ran 18 ga Fabrairu 1977 sojoji kusan 1,000 suka kewaye gidansa na Kalakuta a Legas, bayan waƙar Zombie da ya yi musu. Suka ƙona gidan, kayan kiɗa da faya-fayan da aka ɗauka duk suka zama toka, har da ɗakin shan magani da ƙanensa Dokta Beko ke kula da shi. Shi kansa an yi masa dukan kawo wuƙa. Mahaifiyarsa Funmilayo, tsohuwa mai shekara 76, wadda ta jagoranci matan Abeokuta har sarkinsu Alake ya sauka daga gadon sarauta na ɗan lokaci a 1949, ita aka jefo ta taga daga bene. Ba ta ƙara lafiya ba har ta rasu a Afrilun 1978. Kwamitin bincike kuma ya ce wai sojan da ba a san ko wane ne ba ya aikata. Mutumin da ya je Berlin ba shi da gida, ba shi da uwa. Da me zai biya albashi?

Ɗan Fagge: Yaya, ba wanda ya musa wannan, kuma duk mai imani sai jikinsa ya yi sanyi. Sai dai su ma makaɗan wutar ta shafe su, su ma da iyali. Abin da ya fusata su shi ne labarin da ya bazu a tsakaninsu cewa kuɗin Berlin jam'iyyar siyasar da Fela ya kafa, MOP, za a zuba wa, don yana neman takarar shugaban ƙasa a 1979, takarar da hukumar zaɓe ta ƙi amincewa da ita ma. Ga kuma tawagar da ya kwasa zuwa Jamus, da yawa ba kiɗa suke ba, ba rawa ba. Allen ya sha kokawa da waɗannan 'yan rakiya. Ya ɗauki yaƙi da soja a wuyansa, wannan zaɓinsa ne. Mai busa ƙaho bai sa hannu a takarar kowa ba.

Malam Garba: Ni abin da ke damuna a yadda ake ba da tarihinsa ya wuce kuɗi. Ana nuna shi kamar da tawaye aka haife shi a baki. Alhali kafin 1969, da ƙungiyarsa Koola Lobitos, waƙoƙin soyayya da na holewa yake yi. A Los Angeles ya haɗu da Sandra Smith, baƙar fatar Amurka mai alaƙa da gwagwarmayar Black Panther, ita ta ba shi tarihin Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙar fatar Amurka, ya karanta, ta zauna tana musu da shi har tunaninsa ya juya. Sannan ga Lemi Ghariokwu, wanda ya fara zana masa bangon faifai a 1974 yana ɗan shekara 18, ya zana guda 26. Ku duba bangon Beasts of No Nation na 1989: Thatcher ta Birtaniya da Reagan na Amurka da Botha na Afirka ta Kudu da haƙora irin na namun daji, jini na zuba. Wanda bai taɓa jin waƙar ba, da ya ga bangon a shagon kaset ya gane saƙon. Wannan yaron ma sai da suka ɓata shekaru, bayan Fela ya ƙi karɓar zanen da ya yi wa wani faifai.

Hauwa: Malam, amma ai sun shirya, tun da kai da kanka ka ce shi ya zana na 1989. Kuma Baffa, a yi adalci. Fela ya ba Allen ƙungiyar Africa 70 ya fitar da faifai uku da sunansa, Jealousy a 1975, Progress a 1977, da No Accommodation for Lagos. Sandra kuma ita ta rera Upside Down a 1976, sunanta na kan bangon. Sannan ba kowa ne ya tafi ba. Lekan Animashaun, Baba Ani, ya shiga tun 1965, ya jagoranci Egypt 80, ƙungiyar da ta gaji Africa 70, yana nan har Fela ya rasu ran 2 ga Agusta 1997, ya ci gaba da aiki da Seun, ɗan Fela. Da azzalumi ne tsantsa, wa zai yi shekara talatin a bayansa ana kama su ana saki?

Baffa Ado: 'Yata, faifai uku kyauta ce ta ubangida. Ni haƙƙi nake magana. Ana danganta wa Fela kansa cewa in ba Tony Allen babu Afrobeat, wato salon kiɗan nasa. To in haka ne, me ya hana a rubuta sunansa a cikin masu tsara waƙoƙin? Ki saurari farkon kowace doguwar waƙarsu, minti bakwai ko goma kafin ya buɗe baki. Ƙafa ɗaya na buga babbar ganga, ɗaya na taka faranti, hannaye biyu kowane da nasa zancen, kamar mutum huɗu ne ke kiɗan. Wannan ne ke riƙe jama'a a Shrine, gidan wasansa na Legas, har asuba su tsaya su ji zagin gwamnati. Ba kiɗan, wa zai tsaya sauraren lacca?

Malam Garba: Wannan al'adar ba a kansa ta tsaya ba. Mu nan kowa ya san Shata, amma mutum nawa ne za su iya kawo sunan masu kalangunsa da 'yan amshinsa? Bambancin shi ne Fela kullum maganar adalci yake, shi ya sa ake auna shi da mudun da ya kawo da kansa.

Maman Khalifa: To a auna shi duka. A 1979 ya ɗauki akwatin gawa ya kai ƙofar barikin Dodan, fadar mulkin Obasanjo, saboda mahaifiyarsa. A 1984 gwamnatin Buhari ta yanke masa shekara biyar kan zargin fita da kuɗin waje, ya yi wajen wata 20 a kurkuku kafin a sake shi a 1986, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ɗauke shi fursunan ra'ayi. Da kuɗi yake tarawa, da ya zauna a Landan ko Paris, masu son sa na can. Allen ya koma Paris ya yi suna a duniya har ya rasu a 2020, kuma ban ga laifinsa ba. Amma wanda ake fasa wa kai duk lokacin da aka fito da sabuwar waƙa shi ne mai sunan a kan faifai.

Ɗan Fagge: Yaya, ran Kalakuta ba kansa kaɗai aka fasa ba. An doki 'yan amshi da 'yan rawa, an ci zarafin matan gidan, da yawa an kai su asibiti. Waɗannan matan su ma sun biya farashin Zombie, kuma yau a bikin tunawa da shi na Felabration sunan nawa daga cikinsu ake ambata?

Baffa Ado: Ni ban ce a cire hotonsa daga bango ba. Jarumtakarsa ba ta da abokin musu. Abin da nake cewa, duk faifan da za a sake bugawa na 1970 zuwa 1978, a sa sunan Tony Allen a cikin masu tsara kiɗan, magadansa su samu kasonsu. Hauwa, ke da kika karanta shari'a, shin doka ta ba da damar a yi hakan bayan su duka biyun sun rasu?