Abin da aka tattauna kan tsoffin finafinan waƙa da soyayya na Amurka

Jama'a hirar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda daɗinsu shi ne barkwanci da zolaya tsakanin masoya, musamman na kafin 1934 da aka tsaurara dokar tace finafinai. An fi ambaton The Love Parade na 1929, Ernst Lubitsch ya ba da umarni, Maurice Chevalier da Jeanette MacDonald suka fito.

2. Dalilin tsadarsu, da yawa sun salwanta. Zaren fim ɗin lokacin da sinadarin naitiret ake yin sa, yana ruɓewa kuma ga saurin kama wuta, gobarar ma'ajiyar kamfanin finafinai na Fox a 1937 ta cinye da dama. Wasu kuma sautin a faifai daban yake, sai ka samu hoto ba murya, ko murya ba hoto. Wani ya tuno mana Alam Ara na 1931, fim ɗin Indiya na farko mai magana, shi ma babu kwafinsa.

3. Mai son tara kayan waɗannan finafinai ya fara da fosta ko ƙananan katunan talla na ƙofar silima, amma ya duba takardar da kyau don waɗanda aka sake bugawa daga baya sun cika kasuwa. Kada a ajiye a rana ko wurin laima.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce a sayi kwafin da aka gyara a DVD, wasu suka ce ai ƙarar shiiiin nan ta tsohon sauti ita ce armashin. Ni dai kunnena ba ya jurewa.

5. Kan ko tara irin waɗannan kaya jari ne, an kasa daidaitawa.